Kafin a Aza Tubali: Nawa Tashar Kashe Gobara Take Ci?

 

Yau zancen kuɗi za mu yi. Za mu duba yadda ake gano yawan kuɗin da gari yake bukata domin gine-ginen da ke tsare rayuka da dukiyar jama'a, wato tashar 'yan kwana-kwana, caji ofis, gidan gyaran hali, da ɗakin da ake amsa kiran gaggawa. Zan fi daɗewa a kan tashar kashe gobara, domin ita aka fi mantawa da ita, kuma a kanta lissafin ya fi fitowa fili.

Mutanen Kano ba su manta da 26 ga Maris, 2016 ba, ranar da wuta ta tashi cikin dare a kasuwar Sabon Gari, wadda ake kira kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi. Rahotannin lokacin sun ce shaguna kusan 3,800 suka ƙone. Babbar kasuwar Sakkwato ta kama a Janairun 2021, ta Katsina ta biyo baya a watan Maris na shekarar, sai Kasuwar Monday ta Maiduguri a Fabrairun 2023. Kasuwar Taminus ta Jos kuwa tun Fabrairun 2002 ta ƙone, aka yi shekara ashirin da ɗoriya tana nan kango. A Jamhuriyar Nijar ma babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, sai a 1987 aka sake buɗe ta.

Abin da ke biyo baya duk mun san shi. Manya su zo jaje, a kafa kwamiti, a buɗe asusun neman taimako, sannan a yi alkawarin sabuwar tasha da sababbin motoci. Ihu bayan hari. A faɗi wani adadi mai kauri, miliyan kaza, a tafa. Tambayar da ba kasafai ake yi ba ita ce, daga ina wannan adadin ya fito? Wa ya zauna ya lissafa shi, kuma da me ya auna? Ni a ganina, duk adadin da aka faɗa ba tare da an taka ƙafa an ƙirga abin da ke ƙasa ba, cinta ne kawai. In ya dace, sa'a ce. In bai dace ba, gini ya tsaya a linta, ko kuma a gama shi ya zama ɗakin kwanan awaki.

To ta ina mai ƙiyasi na gaskiya yake farawa? Da agogo yake farawa. Ɗaki mai katifar soso da labule da kayan roba yana iya kamawa gaba ɗaya cikin 'yan mintuna. Shi ya sa a Amurka ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin kashe gobara, NFPA, ta ajiye ma'auni ga manyan garuruwa: motar farko ta isa wurin gobara cikin minti 4 na tafiya, a cikin kira tara daga cikin kowane goma. Mu ɗauki wannan ma'aunin mu kawo shi titinmu. Motar kwana-kwana mai nauyi, cike da ruwa, tana ratsa 'yan a daidaita sahu da masu baro da 'yan talla, a ce tana tafiyar kilomita 30 a awa. Cikin minti 4 kilomita 2 kacal za ta ci. Ke nan duk unguwar da ta wuce kilomita 2 daga tasha, ko da jiniya ta fasa kunne, kafin a iso wuta ta riga ta yi nisa.

Sai mai ƙiyasi ya shimfiɗa taswirar gari, ya sa alama a kan kowace tasha da ake da ita, ya bi titi ya auna iyakar inda motarta za ta kai cikin waɗannan mintuna. Titi zai bi, ba miƙaƙƙen layi ba, domin akwai kwalbatin da ya rufta, akwai layin dogo, akwai shataletalen da ke cushewa bayan la'asar. Duk inda ya rage fari a taswirar, nan ne giɓin. Daga nan sai ya ɗora wuraren da suka fi haɗari a kai: kasuwanni, 'yan katako, gidajen mai, wuraren sayar da iskar gas, makarantun kwana, asibitoci, tsofaffin unguwanni masu lunguna. Ku ɗauki Kano misali. Birnin ya bazu a ƙananan hukumomi takwas, daga Birni da Dala da Gwale da Fagge zuwa Nasarawa da Tarauni da Kumbotso da Ungogo, kuma kullum sababbin unguwanni sai ƙara tsirowa suke a bakin gari. Tashar da aka gina lokacin da gari bai wuce ganuwa da Sabon Gari da unguwar Turawa ba, ba za ta iya da garin yau ba, ko da ginin nata garau yake.

Bayan agogo sai ruwa, kuma a nan nake so ku ba ni kunnuwanku da kyau. Sau nawa muka ji ana zagin 'yan kwana-kwana, wai sun zo da rabin ruwa, wani lokaci har da jifa? Mu yi lissafi tare. A ce mota tana ɗauke da lita 5,000. Mesa ɗaya da aka buɗe sosai tana iya fitar da wajen lita 500 a minti. In aka buɗe biyu, cikin minti 5 tanki ya ƙare ƙaf. Ba rabin ruwa suka zo da shi ba, Alhaji, iyakar cikin motar ke nan. Daga nan sai direba ya juya neman inda zai ɗebo. In wurin ɗiba yana da nisa, ga cunkoso, ga jiran famfo ya cika tanki, rabin awa ta tafi. A cikin wannan rabin awar layi guda na shaguna ya zama toka.

Saboda haka duk takardar ƙiyasin da ba ka ga rijiyar burtsatse a cikinta ba, da babban tankin ajiya, da injin turo ruwa, da sola ko janareta da zai tayar da injin in an ɗauke wuta, to ba ta cika ba. A ƙasashen da ruwan famfo ke gudu dare da rana, akwai kawunan famfo na musamman a bakin titi da motar ke jona mesa ta sha kai tsaye. A yawancin garuruwanmu ruwan famfon ma na sha bai wadata ba, don haka dole a gina ma'ajiyar ruwa a cikin kasuwa ko a bakinta. Sau da yawa tanki biyu ko uku a kusurwoyin kasuwa sun fi sabuwar mota amfani, kuma ba su kai ta tsada ba. Sai dai tanki ba ya kyau a hoto ranar yanka kintinkiri, shi ya sa ba a cika son sa ba.

Akwai kuma abin da kusan ba ya cin kuɗi, sai dai ya ci farin jinin ɗan siyasa: hanya. Ka shiga babbar kasuwa da rana ka duba layin da aka zana tun asali don mota ta wuce. Mai shago ya ƙaro rumfa taku biyu, na gabansa ya ƙaro taku biyu, mai tebur ya dasa a tsakiya, an ajiye kwantena a bakin ƙofa, wayoyin lantarki sun yi saƙa a sama. Da ƙyar mai baro ke ratsawa. Ko mota goma ka saya, a bakin ƙofa za su tsaya suna kallon hayaƙi. Mai ƙiyasi mai gaskiya zai rubuta wannan a takardarsa, ya kuma sa kuɗin sake wa waɗanda za a tayar matsuguni, don su ma abinci suke nema.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan yadda ake lissafa kuɗin da gine-ginen tsaron jama'a ke bukata. Yanzu mu shiga cikin ginin kansa.

Kafin a ce a gina sabo, sai an duba tsohon. Injiniya da masanin ƙididdigar kayan gini su shiga ɗaki-ɗaki da littafi a hannu. Su ɗaga kai su dubi silin: wannan shatar ruwan mai launin shayi tana nufin kwano ya huje, kuma mai yiwuwa katakon da ke ƙarƙashinsa ya ruɓe ko gara ta cinye shi. Su duƙa su dubi daɓen da mota ke tsayawa a kai, domin mota cike da ruwa tana kai tan goma sha wani abu, daɓen gidan kwana ba zai ɗauke ta ba. Su auna ƙofar gareji da tef, don an sha sayo sabuwar mota a tarar ta fi ƙofar tsawo, ta koma kwana a rana har fenti ya kwaile, tayoyi su tsattsage. Su buɗe akwatin wuta su ga ko an yi ɗaurin gwarmai da waya a madadin fis. Su leƙa banɗaki, su leƙa inda ma'aikata ke kwana, su tambaya ko akwai ɗakin mata daban. Kowane abu a rubuta kuɗin gyaransa a gefe.

Daga nan sai a yi wani ɗan lissafi mai sauƙi da kowane ɗan kasuwa zai gane. A tara kuɗin gyare-gyaren da suka taru, a gwada da kuɗin da za a kashe in da sabon gini irinsa za a yi yau. Misali nake bayarwa, ba farashin wani wuri ba: a ce sabon gini zai ci naira miliyan 200, gyaran tsohon kuma miliyan 30. Kashi 15 cikin ɗari ke nan, gyara ya fi. In kuwa gyaran ya kai miliyan 120, kashi 60 ke nan, to a zauna a yi shawara, wataƙila rushewa ta fi araha. Da wannan ma'auni ɗaya za a jera dukan gine-ginen gari, a san wanda ke bakin mutuwa da wanda zai iya jira baɗi. Amfaninsa shi ne yana rage son kai. Ba don tashar tana mazaɓar ciyaman za a fara da ita ba, sai don lambarta ta fi muni.

Kada ku ɗauka mu kaɗai ke da tsofaffin gine-gine. A 2019 ita ƙungiyar NFPA ta Amurka ta fitar da rahoto cewa kashi 43 cikin ɗari na tashoshin kashe gobara na ƙasar sun haura shekara 40, kuma sake gina su zai ci tsakanin dala biliyan 70 zuwa 100. Abin da ya ja hankalina a nan shi ne sun san adadin. Sun ƙirga. Wanda ya san yawan bashinsa ya fara biya.

Wurin da aka dasa ginin ma abin dubawa ne. A Satumban 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri, katangar gidan gyaran hali ta faɗi, fursunoni fiye da 270 suka fice. Kafin nan, a Afrilun shekarar, ruwan sama mai ƙarfi ya kayar da katangar gidan yarin Suleja, fiye da mutum ɗari suka gudu. Ginin da ake sa ran shi zai tsaya da ƙafarsa ranar da komai ya rikice, bai kamata ya zama na farkon faɗuwa ba. Don haka ana gina irin waɗannan wurare da ƙarfin da ya wuce na gidan haya: a kan tudu, da magudanar ruwa, da wutarsu ta kansu. Wannan yana ƙara kuɗi, kuma gara a faɗa wa jama'a gaskiyar haka tun farko.

Yanzu ga inda mafi yawan ƙiyasinmu ke karyewa. Sayen doki ba shi ne wahala ba, kowa na iya cin bashi ya saya. Harawa da dawa da kanwa na kullum su ke nuna mai doki. Tashar kashe gobara ba ta rufewa, dare da rana, ranar sallah da ranar aiki. Mako yana da awa 168. Ma'aikaci ɗaya yana yin wajen awa 40. Ke nan kujera ɗaya a cikin mota tana bukatar mutum huɗu da ɗoriya kafin a ce kullum akwai mai zama a kanta. Mota ɗaya mai ma'aikata huɗu tana bukatar mutum 17, in ka sa masu hutu da marasa lafiya da waɗanda suka tafi kwas, ka ce 20. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya tun Yulin 2024 naira 70,000 ne. Mutum 20 sau 70,000 sau wata 12, naira miliyan 16 da dubu 800 ke nan a shekara, a kan mota ɗaya, kuma a ce kowa a matakin ƙasa yake, babu alawus, babu ofisa. Ba a sa man dizal ba, ba a sa taya da batir ba, ba a sa bakanike ba, ba a sa rigar wuta da takalmi da hular kwano da tukunyar iskar shaƙa ba, ba a sa sinadarin kumfa da ake kashe wutar fetur da shi ba.

Shi kansa ginin yana da nasa abincin. Tun 1990 majalisar binciken kimiyya ta Amurka ta ba da shawarar a riƙa ware kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari na darajar gini kowace shekara domin kula da shi. A misalinmu na miliyan 200, miliyan 4 zuwa 8 ke nan duk shekara. Ku duba kasafin kuɗin jiharku ko na ƙaramar hukumarku ku gani ko akwai wannan layin. Galibi za ku ga “gina sabuwar tasha”, shekara biyar bayan nan ku ga “gyaran tasha”, a tsakani babu ko kwabo. Kwano ɗaya da aka ƙi canjawa bana, shi ke zama sabon rufi gaba ɗaya nan da shekara huɗu.

Ƙiyasi kuma yana tsufa da wuri. A 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari. Aikin miliyan 200 da aka lissafa a farkon shekara, in aka yi jinkirin sakin kuɗi zuwa ƙarshenta, ya doshi miliyan 260. Motoci da kayan aikin kuwa daga waje ake sayo yawancinsu, da dala, kuma dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 a Mayun 2023 ta haura 1,500 a 2024. Don haka takardar kirki tana ɗauke da kwanan watan farashinta, da rarar ko-ta-kwana, da tsarin yin aikin mataki-mataki, yadda in kuɗi ya yanke a tsakiya, abin da aka gama zai iya aiki. A fara da gareji da ruwa da ɗakin masu jiran kira. Ofishin oga mai tayil da na'urar sanyaya ɗaki ya jira.

To wa zai biya? Nan ma akwai ruɗani, kuma a cikin ruɗanin nan ne alhaki ke ɓacewa. 'Yan sanda na gwamnatin tarayya ne, har an kafa musu asusu na musamman da dokar 2019, amma ku da kanku kun san caji ofis nawa ne jama'ar unguwa ko ƙaramar hukuma suka gina da gudummawa. Gidajen gyaran hali a da na tarayya ne kaɗai, sai gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi damar kafa nasu. Kashe gobara akwai hukumar tarayya, akwai ta kowace jiha. Kasuwanni da tashoshin mota da magudanan ruwa kuwa, tsarin mulkin 1999 ya sa su cikin ayyukan ƙananan hukumomi, duk da cewa manyan kasuwanni da dama suna hannun jihohi. Kowa yana da hannu, shi ya sa ranar da abu ya faru kowa sai ya nuna ɗan'uwansa.

Ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan suna da kashi 20.6 cikin ɗari na rabon arzikin ƙasa, kuma a ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. Ko ma yaya aiwatar da hukuncin ke tafiya, ranka ya daɗe ciyaman, akwai abin da ba sai ka jira kowa ba. Ba kai ke ɗaukar 'yan kwana-kwana aiki ba, gaskiya ne. Amma fili naka ne, burtsatse da tanki a kasuwar ƙauyenka ba su fi ƙarfinka ba, buɗe layin da aka toshe aikinka ne. Kuma kuɗin tikitin da ake karɓa hannun 'yan kasuwa kowace ranar kasuwa, babu laifi a yanki wani kaso sananne a ajiye shi a asusu daban domin wannan aikin, a riƙa liƙa lissafinsa a ofishin sarkin kasuwa kowa ya gani. Ɗan kasuwa ba ya ƙin biya in yana ganin inda kuɗinsa ke shiga.

Shugabannin 'yan kasuwa, masu unguwanni, limamai, ƙungiyoyin mata da matasa, lokacin da ake shirya kasafin kuɗin baɗi ku je wurin kansilanku da ɗan majalisarku na jiha. Kada ku ce a gina mana tasha kawai ku taso. Ku tambaya minti nawa mota take yi daga tasha mafi kusa zuwa kasuwarku, in babu mai amsa ku nemi a gwada a gabanku da agogo. Ku tambaya a ina za ta ɗebi ruwa na biyu. Ku ce a nuna muku takardar ƙiyasin, ku duba ko akwai albashi da mai da kuɗin gyara a ciki, ku duba kwanan watan farashin. Kafin hunturu ya shigo, kowane mai shago ya sa a duba masa wayar wutarsa, ya riƙa kashe komai kafin ya rufe. Ku ajiye lambar kiran gaggawa ta ƙasa, 112, a wayoyinku, ku kuma je tashar da ta fi kusa da ku ku karɓi tasu lambar, ku rubuta ta a bangon kasuwa da na masallaci.

Nan za mu dakata a shirinmu na yau. Allah Ya tsare mu da dukiyoyinmu, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafificin alheri. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu, a huta lafiya.